Nkalagu: Rijiya ta bayar, guga ya hana

A kan hanyar da ta tashi daga Enugu ta nufi Abakaliki, cikin ƙaramar hukumar Ishielu ta Jihar Ebonyi, akwai wani gari mai suna Nkalagu. Matafiyin da bai san tarihinsa ba zai wuce shi kamar yadda yake wuce kowane gari na gefen titi. Amma a nan ne Najeriya ta fara sarrafa siminti da dutsen ƙasarta a shekarar 1957, shekara uku kafin samun 'yancin kai. Yau shekaru ashirin da ɗoriya ke nan da wutar tanderun masana'antar ta mutu, mahaƙar da ke ciyar da ita kuma tana nan a buɗe. Ba a haƙarta, ba a rufe ta bisa ƙa'ida ba, ba a kuma keɓe ta don ilimi ba.

Wannan zama na babu hukunci ya fi kowane zaɓi tsada, domin yana cin ƙasa ta fuska uku a lokaci guda: arzikin da ke kwance ba ya amfanar kowa, ramin da aka bari yana zama haɗari, shaidar kimiyyar da ke jikin bangon ramin kuma tana lalacewa. Bisa doka, dutsen da ke ƙarƙashin Nkalagu mallakar Gwamnatin Tarayya ne. Saboda haka alhakin faɗin makomarsa yana Abuja, a kan teburan ma'aikatan da ke riƙe da fayilolin ma'adinai, kuma lokaci ya yi da za a buɗe wannan fayil a rubuta masa hukunci.

Tekun da ya ratsa ƙasa

Kafin a shiga maganar takardu, ya dace a san abin da ake jayayya a kansa. Fiye da shekara miliyan 100 da suka shuɗe, Afirka da Kudancin Amurka suna manne da juna a matsayin doron ƙasa guda. Da suka soma rabuwa, ƙasa ta tsage ta fuska uku daga wurin da a yau yake gaɓar Tekun Gini. Tsaga biyu suka ci gaba da buɗewa har suka zama Tekun Atlantika ta Kudu. Ta ukun ta nausa arewa maso gabas cikin Najeriya, ta yi tsawon kusan kilomita 1,000, sannan ta tsaya ba ta zama teku ba. Ita ce masana ilimin duwatsu ke kira Kwarin Binuwai, wanda ya miƙe daga ƙasar Ibo har zuwa yankin Gongola da gefen Tafkin Chadi.

Kwari kuwa matattarar ruwa ne. A zamanin da masana suka sa wa suna Turoniyan, wato tsakanin shekara miliyan 94 zuwa miliyan 90 da suka wuce, ruwan teku ya yi hawan da ba a cika samun irinsa ba a tarihin duniya. Ya cika kwarin, ya haura arewa ta cikin ƙasashen da a yau suke Nijar da Aljeriya, har ya haɗe da tsohon tekun da Bahar Rum ya zama ragowarsa. Inda ayarin raƙuma ya riƙa ratsawa daga baya, a wancan zamani mashigin ruwan gishiri ne.

A cikin wannan ruwa mai ɗumi halittu masu kwanso suka yawaita, manya da waɗanda ido ba ya iya gani. Kowacce ta mutu, kwansonta ya nutse ya kwanta a ƙasan teku. Idan ruwa ya yi garau sai kwanson ya taru shi kaɗai, ya danne juna, ya daskare ya zama dutsen farar ƙasa. Idan yanayi ya juya, laka ta rinjaya, sai a samu shimfiɗar baƙar laka mai ɗauke da ragowar halittun da ba su gama ruɓewa ba saboda ƙarancin iskar shaƙa a ƙasan ruwan. Haka abin ya riƙa sauyawa, shi ya sa bangon mahaƙar Nkalagu yake hawa-hawa: shimfiɗar dutse mai ruwan toka, bisa ta shimfiɗar baƙar laka, bisa ta kuma wani dutsen.

Kimanin shekara miliyan 85 da suka wuce, ƙasa ta matse kwarin daga gefe biyu, shimfiɗun suka lanƙwashe suka yi tozo a yankin Abakaliki. Wannan tozo ne ya ɗago dutsen kusa da sama, ruwan sama ya yi ta zaizaye abin da ke kansa har ya zo inda ɗan Adam zai iya kai masa. Daga duwatsun wannan yanki ne ake samun dalma da zinki na Enyigba da Ishiagu, da ruwan gishirin Okposi da Uburu. A yamma da tozon kuma ƙasa ta lotsa, ta zama wani sabon kwari inda fadamu suka kafu, itatuwansu suka binne suka zama kwal ɗin Enugu. Ke nan motsi guda na ƙasa ne ya ajiye dutsen siminti da makamashin gasa shi a maƙwabtaka.

Daga cikin burbushin halittun da ake samu a Nkalagu akwai amonayit, wata halittar teku mai naɗaɗɗen kwanso kamar ƙahon rago, wadda ta ƙare tare da manyan dabbobin nan da ake kira dainaso shekara miliyan 66 da suka wuce. Amfaninta ga masana shi ne siffarta tana sauyawa da sauri daga zamani zuwa zamani, don haka kowane iri yana nuna shekarun shimfiɗar da aka same shi a ciki. Mahaƙar Ashaka a Jihar Gombe ta shahara da amonayit na wannan mashigi, haka ma yankin Damargu a Jamhuriyar Nijar. Da kwatanta na nan da na can, da na Tunisiya da na Brazil, aka tabbatar da cewa ruwa guda ne ya haɗa su. Dutsen Kalambaina da ke ciyar da masana'antar Sakkwato, da na Malbaza a Nijar, da na Ewekoro a Jihar Ogun, ƙannen na Nkalagu ne, domin wani hawan teku na baya, kimanin shekara miliyan 60 da suka wuce, shi ya ajiye su.

A ƙasa mai yawan ruwan sama irin ta kudu maso gabas, da wuya a ga dutse a fili yadda yake. Jar ƙasa da daji sun lulluɓe komai. Mahaƙa ce kaɗai ke yanka ƙasa ta nuna cikinta. Shi ya sa tun daga shekarun 1950, lokacin da Richard Reyment ya yi nazarin amonayit na Najeriya a ƙarƙashin hukumar binciken ƙasa, har zuwa zamanin masanan gida irin su Farfesa Sunday Petters, bangon Nkalagu ya zama ma'aunin da ake gwada duwatsun wannan zamani da shi a kudancin Kwarin Binuwai. Har sunan garin aka sa wa wani rukunin duwatsu a littattafan ilimin.

Yadda dutse ya zama masana'anta

Turawan mulkin mallaka sun gano kwal a Udi a 1909, layin dogo daga Fatakwal ya iso Enugu a 1916, aka kuma kafa hukumar binciken ƙasa ta Najeriya a 1919. Duk da haka, har tsakiyar shekarun 1950 kowane buhun siminti da aka zuba a gini a ƙasar nan daga waje ya zo, akasari daga Ingila. A 1954 aka kafa kamfanin siminti na Najeriya, wanda aka fi sani da Nigercem, da hannun jarin gwamnatin tsakiya da na Jihar Gabas, tare da abokan hulɗa daga Turai, ciki har da kamfanin injuna na F.L. Smidth daga Denmark. A 1957 aka soma aiki.

Zaɓen Nkalagu bai zo da mamaki ba ga wanda ya san yadda ake yin siminti. Ana niƙa dutsen farar ƙasa, a haɗa shi da laka, a gasa a tanderu mai juyawa har zafi ya kai kimanin digiri 1,450 a ma'aunin Salsiyas. A wannan zafi dutsen yakan saki iskar kabon, abin da ya rage ya haɗu da sinadaran lakar ya dunƙule ya zama ƙwallayen da ake kira kilinka. Sai a niƙa su da ɗan jifsum, a zuba a buhu. Kowane tan na kilinka yana cin kimanin tan ɗaya da rabi na ɗanyen kaya, don haka dole masana'anta ta zauna a bakin mahaƙa. A Nkalagu dutse da laka suna rami guda, kwal yana Enugu, aka kuma ja reshen layin dogo har cikin masana'antar. Gari ya bunƙasa a kewayenta, da gidajen ma'aikata da makaranta da asibiti.

Sauran masana'antu sun biyo baya: Ewekoro a 1960, Sakkwato a 1967, Ashaka a 1979, Gboko a 1980. Amma Nkalagu ta gamu da abin da su ba su gamu da shi ba. Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya tsayar da aiki, ya lalata kayan aiki. An gyara bayan yaƙi, an koma aiki, sai dai ginshiƙan da aka ɗora masana'antar a kansu sun riga sun soma rauni. Haƙar kwal a Enugu ba ta sake komawa yadda take ba, jiragen ƙasa sun koma amfani da dizal, daga bisani hukumar jiragen kanta ta durƙushe. Tsarin da aka gina masana'antar a kai, na kwaɓa ɗanyen kaya da ruwa kafin a gasa, yana cin makamashi fiye da tsarin busasshe da duniya ta koma gare shi. Da darajar naira ta faɗi bayan 1986, sayen kayan gyara daga waje ya zama jidali.

A tsakiyar wannan tarihi akwai darasin 1975, lokacin da hukumomin gwamnati suka yi odar miliyoyin tan na siminti daga waje, ɗaruruwan jiragen ruwa suka yi cincirindo a tashar Legas na tsawon watanni, ƙasa tana biyan kuɗin jira. Najeriya mai dutse tun daga Kalaba har Sakkwato ta riƙa biyan tara a kan simintin wasu. Daga baya gwamnatin Obasanjo ta fito da manufar 2002, wadda ta ɗaure izinin shigo da siminti da sharaɗin zuba jari a masana'antar gida. Manufar ta yi aiki. Obajana da Ibese da Mfamosing da Okpella suka tashi, Ashaka da Gboko da Sakkwato suka farfaɗo a hannun 'yan kasuwa.

A wannan shekara ta 2002 ita ma Nigercem ta koma hannun 'yan kasuwa, amma nata labarin ya sha bamban. Maimakon hayaƙin tanderu, sai hayaniyar jayayya ta tashi. A zamanin Gwamna Martin Elechi, daga 2007 zuwa 2015, gwamnatin Ebonyi da masu jarin sun yi doguwar taƙaddama da ta kai ga takardar mallakar fili da zauren kotu. Tun daga lokacin an sha sanar da shirin farfaɗo da masana'antar, an sha yin alkawari a dandalin siyasa, tanderun dai bai kama wuta ba.

Dutse na Abuja, fili na gwamna

Tushen wannan taƙaddama yana cikin dokokin ƙasa kansu. Sashe na 44(3) na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya damƙa dukan ma'adinan da ke ƙarƙashin ƙasa ga Gwamnatin Tarayya, Dokar Ma'adinai ta 2007 kuma ta sake tabbatar da haka. Amma Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta damƙa filin da ke sama ga gwamnan jiha. Ke nan a Nkalagu dutsen na Abuja ne, filin na Abakaliki, injunan na mai jari, rami da ƙura kuma na mutanen gari. Kowane ɗaya daga cikin ukun farko yana da ikon hana aiki, babu wanda yake iya yinsa shi kaɗai. Na huɗun kuwa ba shi da ikon komai sai haƙuri.

Duk da haka dokar 2007 ba ta bar Tarayya hannu rabbana ba. Ta kafa ofishin rajistar lasisin ma'adinai, wanda ke da ikon bayarwa da sokewa. Ta tanadi sashen kula da muhallin mahaƙai. Ta wajabta wa mai lasisi gyara wurin da ya haƙa, ta kuma tanadi asusun kare muhalli da gyaran mahaƙai wanda masu lasisi za su riƙa zuba kuɗi a ciki. Ta wajabta yarjejeniyar ci gaban al'umma tsakanin kamfani da garin da yake aiki a cikinsa. Ta kuma kafa kwamitin ma'adinai da muhalli a kowace jiha, wanda aka yi shi domin irin wannan saɓani na Tarayya da jiha. Kayan aikin suna nan a rubuce.

An ma ga cewa ana iya amfani da su. A Nuwamban 2023 Ma'aikatar Bunƙasa Ma'adinai ta soke lasisi 1,633 saboda rashin biyan kuɗin shekara, a Afrilun 2024 kuma ta soke wasu 924 da aka riƙe ba a aiki da su. Ƙa'idar da aka kafa hujja da ita mai sauƙi ce: wanda ya riƙe ma'adinin ƙasa ya yi aiki da shi, ko ya saki. Idan wannan ƙa'ida ta hau kan ƙananan masu lasisi, babu dalilin da zai sa mahaƙar da ta haifi masana'antar siminti a Najeriya ta zauna shekaru ba tare da jama'a sun san matsayinta a rajista ba.

Darasi daga Dudley

A garin Dudley da ke tsakiyar Ingila, kusa da Birmingham, akwai wani tudu mai suna Wren's Nest. Dutsensa ya girmi na Nkalagu nesa ba kusa ba, domin ya kwanta ne fiye da shekara miliyan 420 da suka wuce, a ƙasan wani teku mai ɗumi cike da murjani. An yi ɗaruruwan shekaru ana fasa shi don gini da gyaran gona, daga baya kuma don narkar da ƙarfe, inda ake zuba shi a tanderu ya janye dattin tama. Da dutsen sama ya ƙare, mahaƙa suka bi shi cikin ƙasa, suka sassaƙa manyan koguna, suna barin ginshiƙai su tallafi rufin, har suka haƙa hanyoyin ruwa a ƙarƙashin ƙasa don kwale-kwale su fitar da kaya. A cikin shekarun 1920 aiki ya tsaya.

Ma'aikatan mahaƙar sun riƙa tsintar burbushin halittu suna sayarwa, har ɗaya daga cikinsu, wani ƙwaron teku da ya zama dutse, ya shiga tambarin garin. Masanin nan Roderick Murchison ya dogara ƙwarai da burbushin Dudley a babban littafinsa na 1839 da ya kafa sanin duwatsun wancan zamani. A 1956, shekara guda kafin Nkalagu ta soma aiki, hukumomin Birtaniya suka ayyana Wren's Nest a matsayin keɓaɓɓen wuri na ƙasa, na farko da aka keɓe saboda duwatsunsa. A 2020 hukumar UNESCO ta sa yankin gaba ɗaya cikin jerin wuraren tarihin ƙasa na duniya da take kira jiyofak. Ɗalibai da baƙi suna zuwa har yau.

Labarin yana da ɓangare mai ɗaci, kuma shi ne ya fi dacewa da masu tsara kasafin kuɗi. Kogunan da aka bari ba tare da kulawa ba sun riƙa ruftawa, ƙasa tana buɗe baki a tsakiyar gari. A 1985 filin wasan kurket na Dudley ya lotsa, aka rufe shi. Gwamnati ta kashe maƙudan kuɗi tana ɗura kayan cikawa a ramukan da kamfanonin da suka haƙa su suka daɗe da shuɗewa. Riba ta tafi da masu ita, ɗawainiya ta faɗo kan baitulmali bayan shekara sittin.

Nkalagu buɗaɗɗiyar mahaƙa ce, don haka haɗarinta ba na ruftawar gari ba ne. Nata haɗarin shi ne wanda mutanen Filato suka sani sarai daga kududdufan da haƙar kuza ta bari: rami mai zurfi da ruwa ya cika, gaɓa mai zamewa, yara da dabbobi suna kai-komo a bakinsa, gona kuma ta salwanta. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Duk ramin da aka bari a ƙasa mai damina irin ta Ebonyi, ruwa zai mamaye gindinsa, lakar bangonsa za ta jiƙe ta zube, ciyawa da itatuwa su rufe sauran. Kowace damina tana share wani abu daga shafin da masana ke karantawa.

Hujjojin masu cewa a bari

Akwai masu cewa Najeriya ta riga ta wadatu da siminti, ƙarfin masana'antunta ya zarce abin da kasuwa ke sha, don haka babu buƙatar tayar da tsohuwar masana'anta. A maganar akwai gaskiya, domin tsoffin injunan Nkalagu ba za su iya gasa da na zamani ba, duk wanda zai yi aiki a can sabuwar masana'anta zai gina. Amma ma'aikacin da ke tara albashi don ɗora bulo a Kuje ko Mararaba ya san cewa wadatar masana'antu ba ta sauko da farashin buhu ba. Siminti kaya ne mai nauyi da kuɗin dako ke cin kaso mai yawa na farashinsa, kuma jihohi biyar na kudu maso gabas, duk da yawan gine-ginensu, daga wasu yankuna ake kawo musu. Ko da an ɗauka cewa kasuwa ba ta buƙatar dutsen Nkalagu, wannan hujja ce ta a rufe mahaƙar bisa doka a gyara wurin. Ba ta halatta a bar ta haka ba.

Akwai masu cewa adana bangon dutse don ilimi almubazzaranci ne a ƙasar da asibitoci ke neman magani. Amsar tana cikin kasafin kuɗin Tarayya kansa. Dokar Man Fetur ta 2021 ta ware kashi 30 cikin ɗari na wani rukunin ribar kamfanin mai na ƙasa don neman mai a sababbin yankuna, Kwarin Binuwai yana cikinsu, a Nuwamban 2022 kuma aka ƙaddamar da aikin Kolmani a iyakar Bauchi da Gombe. Baƙar lakar da teku ya ajiye a zamanin Turoniyan tana cikin duwatsun da masu neman mai ke nazari don sanin ko kwarin ya dafa mai. Ƙasar da ke kashe kuɗi mai yawa tana huda rijiya don ta ciro ɗan guntun dutse daga zurfi, bai kamata ta bar bangon sa'o'insa da ke tsaye a fili ya zube ba. Kuɗin shinge da magudanar ruwa da matakala bai kai na kilomita guda na titi ba.

Akwai kuma masu cewa wannan lamari ne tsakanin kamfani da gwamnatin jiha, Abuja ta tsame hannunta. Wannan ita ce hujjar da ta fi daɗi ga ma'aikaci, domin tana ba shi damar mayar da fayil kan kanta. Sai dai kundin tsarin mulki bai ba da wannan dama ba. Mai dukiya ba ya zama ɗan kallo a rigimar da ake yi a kan dukiyarsa.

Abin da ya kamata a yi

Na farko, ofishin rajistar lasisi ya bayyana wa jama'a matsayin kowane lasisi da ya shafi dutsen Nkalagu: wa ke riƙe da shi, yaushe zai ƙare, wane aiki aka yi a ƙarƙashinsa. Hukumar binciken ƙasa kuma ta sake auna abin da ya rage na dutsen da ingancinsa, ta wallafa. Babu mai zuba jari na gaskiya da zai shiga duhu, babu kuma al'ummar da za ta yi ciniki mai kyau a kan abin da ba ta san yawansa ba.

Na biyu, ma'aikatar ta zaunar da gwamnatin jiha da masu jari da wakilan garuruwan da abin ya shafa, a ƙarƙashin kwamitin da doka ta riga ta tanada, a sa wa'adi a rubuce. Wanda ke da niyyar aiki ya nuna kuɗi da jadawali. Idan wa'adi ya cika babu aiki, a bi abin da doka ta ce.

Na uku, kada a jira ƙarshen wannan tattaunawa kafin a kare rayuka. A auna ramukan, a kewaye masu haɗari, a gwada ruwan da ke cikinsu don sanin ko ya dace da sha ko ban ruwa ko kiwon kifi. Idan asusun gyaran mahaƙai yana da amfani, ga wurin nuna shi.

Na huɗu, a keɓe wani yanki na bangon mahaƙar a matsayin ma'auni na ƙasa, a rubuta wannan sharaɗi cikin duk lasisin da za a bayar nan gaba. Hukumar binciken ƙasa da hukumar gidajen tarihi da jami'o'in yankin za su iya kula da shi tare. Haƙa da adanawa ba sa karo da juna, domin mahaƙa mai aiki ita ce ke buɗe sabon bango. Irin wannan sharaɗi ya kamata ya shafi Ashaka da Kalambaina da Ewekoro tun suna raye, domin kowace mahaƙa tana da ranar ƙarewa. Maroko da Tanzaniya suna da wuraren da UNESCO ta amince da su a wannan jeri, Najeriya kuwa ba ta da ko ɗaya, alhali kwarin da ya ba da labarin rabuwar nahiyoyi biyu yana cikinta.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan matakai da ke buƙatar sabuwar doka ko sabuwar hukuma. Abin da suke buƙata shi ne darakta da zai rubuta takarda, babban sakatare da zai sa hannu, da mataimaki da zai tunatar da minista cewa maganar ba ta mutu ba. Ma'aikatan Tarayya sun fi kowa sanin yadda fayil ke tsufa: a rubuta masa "a ajiye tukuna", wanda ya rubuta ya yi ritaya, wanda ya gaje shi bai san da shi ba. Dutsen Nkalagu ya yi shekara miliyan 90 yana jira, ba zai gaji ba. Tsofaffin ma'aikatan masana'antar, da matasan garin da suka tashi ba su taɓa ganin hayaƙinta ba, da bangon da damina ke ci kowace shekara, su ne ba su da wannan lokaci.